Da kunne nake karatu, sai aka sauya min murya

Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma makaho ne. Da kunne nake karatu, da kunne nake duba abin da na rubuta, da kunne nake sanin ko albashi ya shigo. Abin da ya same ni, a wurin mai ido bai kai a kira shi matsala ba, amma ni saura ƙiris ya tsayar min da aiki ana dab da jarrabawa.

Ba da makanta aka haife ni ba. Ina ƙaramar sakandare idona ya fara hazo, gefe-gefen ganina yana tsukewa, har ya zama sai abu yana gabana sosai nake ganinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kai ni asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Ragowar ma ta tafi a hankali. Daga nan aka mayar da ni makarantar Tudun Maliki, na koyi rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Louis Braille ya tsara a Faransa. Da allo da tsinke muke yi, ka huda takarda daga dama zuwa hagu, ka juya ta ka shafa daga hagu zuwa dama.

Karatun jami'a kuwa da rikoda da kaset na yi shi, da kuma alherin abokai. Littattafan Hausa da ake koyar da mu babu su a rubutun makafi, sai wani ya zauna ya karanta min ina ɗauka. Allah ya saka musu da alheri, amma wanda bai taɓa jiran a karanta masa ba bai san nauyin abin ba. Kana jin mutum ya gaji, yana hamma yana tsallake layi, kuma ba ka da bakin cewa ya koma baya. Lokacin da nake neman uwar 'ya'yana, wasiƙarta sai abokina ne yake karanta min, yana yi yana gyaran murya yana ƙunshe dariya. Da ta gane haka sai ta koma rubuto gaisuwa zalla: ya karatu, ya mutanen gida, ka huta lafiya. Har yau tana yi min tsiya, wai akwai maganganun da ban taɓa ji ba saboda abokin nan.

Wani ɗan'uwa makaho da ya yi karatu a kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo ne ya fara ɗora hannuna a kan kibod. Ya nuna min ɗan tudun nan da ke kan harafin F da na J, ya ce daga nan yatsu suke gane gida. Shi ya sa min NVDA, manhajar da take karanta abin da ke kan sikirin. Akwai ire-irenta da ake saya da dala, waɗanda albashin malami ba zai taɓa ba. Ita wannan kyauta ce, an fara ta a 2006, kuma makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka tsaya a kanta. Ranar da na buɗe saƙo na ji shi ni kaɗai, ba kowa a kusa da ni, sai da na yi sujada.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya fahimta a nan, don shi ne tushen labarin. Manhajar karatun ba ita take magana ba. Aikinta ta tattaro rubutu ta miƙa wa murya, muryar kuma injin ne daban. Ni da muryar da ta zo da kwamfutar nake aiki, muryar wata mace mai Turanci. Injin murya kafin ya buɗe baki sai ya fara gyara rubutun, ya mayar da lambobi da alamomi da gajerun kalmomi zuwa cikakkun kalmomi. Sannan ya duba ƙamus ɗinsa da dokokin harshen da aka gina shi a kai, ya yanke yadda kowace kalma za ta fita, sai kuma ya fitar da sauti. To injin da aka gina a kan Turanci, in ka ba shi Hausa, da dokar Turanci zai hukunta ta. Ta ga mace ta ce "mes", ta ga take ta ce "tek", dare ya koma "diya", cikin ya koma "sikin". Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, in ta iso kansu sai ta tsaya a tsakiyar kalma ta rero dogon sunan harafin da Turanci, sannan ta ƙarasa.

Sai na shiga koya mata. NVDA tana da ƙamus na furuci iri uku: na gaba ɗaya, da na kowace murya ita kaɗai, da na wucin gadi wanda yake gogewa in an kashe manhajar. A na muryar nake zuba gyare-gyarena, domin kowane gyara da bakinta aka auna shi. In ina so ta ce mace, sai in yi ta gwada rubuta shi da haruffan da Bature zai karanta ya faɗi daidai, in saurara, in sake, har ya zauna. Bayan sallar isha'i nake wannan aikin, kalma biyar yau, goma gobe. Sunayen ɗalibai, sunayen unguwanni, kalmomin nahawu, karin magana. Shekaru na yi ina tarawa. Kowace sabuwar shekarar karatu sai na zauna da rajistar aji na koya mata su Ɗanladi da su Ƙasimu.

Waɗanda ban gyara ba kuma, kunnena ya gyara da kansa. Wannan shi ne abin da masu ido suke kasa ganewa in na yi musu bayani. Hausarta ba ta da kyau, amma kuskurenta ba ya canzawa. Yadda ta karya kalma yau, haka za ta karya ta gobe da jibi. Da tafiya ta yi tafiya na daina jin karayar, kalmar nake ji kai tsaye. Na yi ta ƙara mata gudu har ta ninka maganar mutum, maiɗakina in ta wuce sai ta ce, "Malam, wai da gaske kana gane wannan ɓaɓatun?" Ni kuwa a wannan gudun ina iya tsinto waƙafi da ya ɓata a shafi guda.

Abin ya faru ne a makon da ake karɓar tambayoyin jarrabawa daga malamai. Na gama aiki da dare, na zo kashe kwamfuta, ta ce tana da sabuntawa, kada a cire wuta. An kawo wuta a daren, sai na bar ta a caji na kwanta. Da asuba bayan na dawo daga masallaci na kunna ta, sai wata baƙuwar murya ta gaishe ni. Gaskiya muryar da daɗi, tana hawa tana sauka, har numfashi kamar tana ja. Na shiga jerin muryoyi don in koma wa tawa, na bi sama na bi ƙasa, babu ita.

Na buɗe takardar jarrabawa. Tambaya ta farko a sashen karin magana ita ce a kawo ma'anar "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne". Abin da na ji shi ne "aramin sani u umi ne". Gabana ya faɗi. Na sauka sashen ƙa'idojin rubutu, inda na jera wa yara kafa da ƙafa, bata da ɓata, da da ɗa, don su sa kowacce a jimla. Duk inda lanƙwasa take, harafin ya ɓace ɗungurungum. Abin da ya zo min a rai shi ne sabuntawar ta cinye min haruffa a duk takarduna, aikin shekaru. Na ƙwala wa babbar 'yata kira, na buɗe mata wani tsohon darasi, na ce, "Ummi, duba min layin nan, akwai ƙ a farkon kalmar nan?" Ta ce, "Abba, ga ta nan, da lanƙwasarta." Na buɗe wani, ta ce duk suna nan. Hankalina ya ɗan kwanta ta wannan fuskar. Rubutun lafiyarsa ƙalau, muryar ce take haɗiye abin da ba ta sani ba, ba tare da ta ce uffan ba. Tsohuwar in ta ci karo da baƙon harafi tana yin tuntuɓe in ji. Wannan tsallakewa take yi cikin ladabi.

Ƙamus ɗina kuma yana nan a ajiye, amma da sunan tsohuwar murya aka ɗaure shi, sabuwar ta zo da nata fanko. Da na kwafo shi na ɗora mata sai abin ya ƙara dagulewa, don an yanka shi ne daidai bakin wata.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta gano sababbin abubuwa. Sabuwar muryar tana da karambani, tana son ta nuna ta san abin da kake nufi. Jimla ta fara da "Sun", sai ta ɗauka gajeren sunan ranar Lahadi ne da Turanci ta faɗe shi cikakke. "Jan hankali" a farkon layi ya koma watan Janairu da hankali. Makin gwaji da na rubuta 12/20 ta karanta min shi a matsayin 20 ga Disamba, yaron da ya ci 5/10 kuma ya zama 10 ga Mayu. Alamar naira ba ta san da ita ba sam. A takardun da abokan aiki suka turo min, tana cikin karatu sai ta juye harshe, ta karanta rabin sakin layi da lafazin Faransanci, saboda wata alamar harshe da ke ɓoye a jikin rubutun. Mafi muni, kalma ɗaya tana iya fita iri biyu a shafi ɗaya, gwargwadon kalmomin da ke kewaye da ita. Ba abin da kunne zai kama ya riƙe.

A gidan makaho akwai doka ɗaya da kowa ya sani, har yara: ba a gusar da kaya. Turmin da ke tsakar gida ba a wurin da ya dace yake ba, amma na san inda yake, ina kewaye shi ba tare da sanda ba. Ranar da wata baƙuwa ta zo ta gyara mana gida ta mayar da shi inda ya fi kyau, a ranar na fasa ƙauri. Abin da aka yi min da muryar nan ke nan.

Na ɗauki kwamfutar, yaro ya raka ni titin Beirut wurin masu gyara. Wani matashi ya karɓa, ya kunna, ya saurara, ya ce, "Baba, ai tana magana. Wallahi ma wannan ta fi daɗi." Na ce, "Ɗana, rubuta ƙasa, sannan ka rubuta kasa, ka ji." Ya nemi ƙ a kibod ya rasa, sai da na nuna masa yadda nake fitar da ita. Ya saurara, ya yi shiru, ya ce gaskiya shi sikirin da batir da caji yake gyarawa, wannan sai dai kamfani. Bai karɓi ko sisi ba, har ya raka mu bakin titi. Kamfanin ma na rubuta musu. Kafin in kai ga wurin rubuta koke sai da aka ce in zaɓi hotunan da ke da fitilar hanya don a tabbatar ni mutum ne, sai Ummi ce ta zaɓa min. Amsar da ta zo godiya ce da bayanin cewa an inganta muryoyi. Daga baya wani ya gaya min irin kwamfutata tana ba da kwana 10 a koma tsohon tsari bayan babbar sabuntawa, amma kafin labarin ya iso ni wa'adin ya wuce.

Jarrabawa kuwa ba ta jira. Ummi ba zan ba ta tambayoyin ta duba ba, ajinsu ɗaya da yaran da za su rubuta, ko da yake makarantarsu daban, kuma amana amana ce. Na je ofishin mataimakin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarmar kwana biyu, na'urata ta samu matsala." Ya ce, "Malam, ba ka taɓa makara ba, je ka. Ko a haɗa ka da wani ya karanta maka?" Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma hakan aka yi. Wani abokin aiki ya zauna da ni a ɗakin malamai bayan an tashi, yana karantawa ina cewa tsaya, wannan d ce ko ɗ? Muna tsakiya na ji ya yi hamma ya duba agogo, na ji ƙarar madaurin a hannunsa. Mutumin kirki ne, yana da 'ya'yan da zai ɗauko daga Islamiyya. Amma ni a wannan lokacin na koma zamanin kaset, ni da nake rage wa yara maki in sun manta lanƙwasa. Da na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Maiɗakina ta ce, "Malam, murya ce fa, ba mutum ba." Ban yi musu da ita ba. Amma na tuna da Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, wanda ya rasa maganarsa a 1985 bayan aikin da aka yi masa a maƙogwaro. Muryar injin da ya samu a 1986, wadda ta samo asali daga aikin wani masanin muryar inji mai suna Dennis Klatt, lafazin Amurka gare ta, kuma kowa ya ji ta ya san inji ne. An yi ta kawo masa sababbi masu daɗi yana ƙi. Da na'urar ta tsufa sai da injiniyoyi suka zauna suka kwaikwayo tsohuwar muryar a sabuwar manhaja, kuma da ita ya rasu a 2018. Shi yana magana da tasa ne, ni ina saurare da tawa, amma na fahimce shi sarai. Bambancin kawai, shi duniya ta san shi, an tara masa injiniyoyi.

Ni injiniyoyina 'yan'uwana makafi ne. Muna da zaure a WhatsApp, malamai da ɗalibai da ma'aikata, yawanci da saƙon murya muke hira. Na faɗi abin da ya same ni, ashe ba ni kaɗai ba ne. Wata 'yar'uwa da take karatun lauya ta ce, "Malam, bar muryoyin nan masu daɗi. Koma eSpeak, ka zaɓi Suwahili." Na san eSpeak NG, murya ce da take zuwa tare da NVDA, wani Bature ɗan Ingila Jonathan Duddington ne ya fara ƙirƙirar asalinta. Na daɗe ina gudunta saboda ƙarfe-ƙarfen sautinta. Ba muryar mutum aka ɗauka aka yayyanka ba, lissafa sautin take yi bisa doka, shi ya sa ba ta da nauyi, kuma ko an ƙure mata gudu ba ta shanye haruffa. Dabarar Suwahili kuwa ita ce wasulansu biyar ne kamar yadda muke rubuta namu, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Nan take mace ta zama mace, dare ya zama dare, ba tare da na koya mata ba, in ban da c da sai da na ce ta riƙa karanta ta a matsayin ch.

Sauran aikin na lanƙwasa ne. A nan ne na gane ba lallai sai ta faɗi ƙ yadda Bahaushe yake faɗi ba, abin da nake buƙata shi ne in ji ta daban da k. Sai na sa ƙ ta koma kh, ɗ ta koma dh, ɓ kuma ta koma v tunda Hausa ba ta da v. Yanzu kwamfutata "varawo" take cewa, yara su yi ta dariya. Su yi. Ni dai in na ji v na san lanƙwasa tana nan. Dokoki kaɗan suka yi aikin da ɗaruruwan kalmomi suke yi min a da, ko da yake sai da kunnena ya ɗauki makonni kafin ya saba, na rage gudu ƙasa sosai sannan na riƙa hawa a hankali. Karin sauti da tsawon wasali ba ta san su ba, to ai rubutun boko ma bai nuna su ba, mai ido ma daga jimla yake gane gari na zama ne ko na tuwo.

Na ji samfurin muryoyin Hausa da ake yi yanzu da ƙirƙirarriyar basira, har da na aikin da kamfanin Meta, mai Facebook, ya fitar a 2023 mai harsuna sama da 1,100. Na yi murna, jin inji yana Hausa da lafazin da ya kusa da namu ba ƙaramin abu ba ne, kuma don sauraren labari ko dogon rubutu za su yi amfani. Roƙona ga 'ya'yanmu masu wannan aiki shi ne su tuna da masu duba rubutu da kunne. In na rubuta kasa alhali ƙasa nake nufi, ina so muryar ta ce kasa, ta tona min asiri tun ina ɗaki, kafin takardar ta isa hannun yara arba'in. Muryar da za ta yi min kara ta gyara a bakinta ta bar kuskuren a takarda ba ta taimake ni ba. A ba mu maɓallin kashe hasashe, a bar tsohuwar murya a jeri in an kawo sabuwa, kuma kafin a saki sabuntawa a zaunar da makaho ɗaya ya gwada ta da harshen da ba Turanci ba.

Yanzu ina da kwafin NVDA a filashi, irin wanda ake sokawa a kowace kwamfuta ya tashi da saitinsa da ƙamus ɗinsa, wani kwafin kuma yana wurin maiɗakina a cikin akwatinta. Sabuntawa ba na hana ta, don akwai ta tsaro a ciki, amma ina ɗage ta zuwa hutu. Jarrabawar zangon da ya biyo baya ni na duba abata daga farko har ƙarshe. Ƙamus ɗin na tura shi zaure, kowa yana ƙara nasa. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ƙara dokar ƴ, don su a Nijar da ita suke rubuta abin da mu muke rubutawa da 'y. Wani malami daga Zariya kuma ya ƙi v ɗina, ya ce shi bw ya sa wa ɓ, kuma tasa ta fi kusa da gaskiya. Na gwada, a gudun da nake saurare bw da b suna haɗe min, don haka fayil biyu ne yanzu a zauren, nasa da nawa, sabon shiga sai ya gwada ya zaɓa.